Yaro ya saurara ko ya yi da kansa? Sharhi kan koyar da kiɗa da waƙa a makarantun Maraɗi

A watan Fabrairun 2024 wakilan ƙasashen duniya suka taru a Abu Dabi ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka amince da wani tsari da ke kira a ba al'adu da fasaha gurbi na sosai a makaranta. Shekara guda bayan haka, a watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Yamai ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Babu ɗaya daga cikin takardun nan biyu da ta ce gobe a shigo da kalangu aji. Sai dai duk inda aka fara zancen kusanto da makaranta ga harshen mutane da al'adunsu, maganar waƙa ba ta daɗewa take tasowa, domin kaso mai yawa na hikimar Bahaushe a bakin mawaƙa da 'yan gaɗa aka adana shi.

A Maraɗi maganar tana zuwa da zafinta. Uba yana jin an ce kiɗa sai ya hango ɗansa rataye da ganga yana bin gidajen biki. Malamin zaure ya tuna abin da ya karanta a littafin fiƙihu. Mushe, wato malamin makarantar boko, ya dubi ajinsa da ya cika maƙil ya ce a bari yaran su iya karatu tukuna. Wani kuma ya gani a waya cewa kiɗa yana ƙara wa yaro ƙwaƙwalwa, har ya fara kunna wa jaririnsa. Huɗun nan kowa da abin da yake nufi, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Abin da ake magana a kai

Da farko sai a raba mai sauraro da mai yi. Yaron da ke kwance da wayar yayansa a kunne sauraro yake yi. Yarinyar da ke cikin 'yan gaɗa tana tafi tana amshi, ita yi take yi. Kusan duk amfanin da masu bincike suka iya aunawa a wajen mai yi suka same shi.

Sai kuma a raba koyon kiɗa domin sana'a da koyonsa domin tarbiyya. Ɗan makaɗin da ke bin ubansa tun yana riƙe kuntukuru har ya gaji babbar ganga, sana'a yake koyo. Makaranta ba wannan take nufi ba. Ana fitar da yara fili su yi tsalle da guje-guje, ba don kowannensu ya ɗauko Takobi a gasar kokawa ba, sai don jiki ya ginu. Da wannan idon masu goyon bayan darasin kiɗa suke kallonsa.

Abin da masana ke kira cikakkiyar tarbiyyar kiɗa shi ne darasin da ba ya raba murya da jiki, ko kunne da harshe. A zama guda yaro zai rera, ya tafa, ya taka, ya yi shiru ya saurari ɗan'uwansa, ya ƙago baitin kansa, a kuma gaya masa waƙar ta su wa ce, a wane lokaci ake yin ta. Kishiyar wannan ita ce wadda yawancin waɗanda suka yi lakwal suka sani: a rubuta waƙar Faransanci a allo, a kwafe, a haddace, a rera ranar da babban baƙo zai zo, rabin ajin bai san abin da bakinsa ke faɗa ba.

Inda tsarin ya samo asali

Sunayen da aka fi ambata na Turawa ne. A farkon ƙarni na 20 wani malamin kiɗa a ƙasar Suwizalan, Émile Jaques-Dalcroze, ya lura ɗalibansa sun iya rubuta kiɗa a takarda amma ba sa jin sa a jikinsu. Sai ya sa su tashi daga kujera su riƙa takawa da juyawa daidai da sauti. A 1924 Carl Orff, Bajamushe, ya haɗa kai da Dorothee Günther suka buɗe makaranta a birnin Munik. Tsarin da ya fito daga wannan aiki yana farawa ne daga magana: sunayen yara, karin magana, kacici-kacici, a mayar da su tafi da bugun ƙafa, daga baya a kawo ƙananan kayan bugawa, a bar yaro ya ƙago nasa.

Wanda maganarsa ta fi kusa da halin da muke ciki shi ne Zoltán Kodály na ƙasar Hangari. Tun 1905 ya riƙa bin ƙauyuka yana naɗar waƙoƙin manoma. Ra'ayinsa shi ne murya ce kayan kiɗan da kowane yaro ya zo duniya da shi, mai kuɗi da talaka, kuma waƙar da ya kamata yaro ya fara da ita ita ce ta harshen uwarsa. A 1950 aka buɗe makarantar firamare ta farko a garinsu, Kecskemét, inda yara ke rera waƙa kullum a matsayin darasi. Mutanen nan sun sha bamban a abubuwa da dama, amma sun haɗu a kan cewa yi yana gaba da bayani, kunne yana gaba da rubutu.

Dandali ya riga aji

Wanda ya tashi a ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji ko Tasawa zai ji wannan bayani ya ce ai mun san shi. Idan farin wata ya fito, 'yan mata sukan jeru kamar baka. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, tafi yana tafiya bai yankewa. Wadda layi ya zo kanta ta fito tsakiya ta taka, ta juya wa ƙawayenta baya ta faɗo musu, su cafe ta su cilla sama, ta dira daidai kan bugun tafin. In ta yi gaggawar faɗowa, ko masu tarba suka yi sakaci, ƙasa za ta sha. Mai ba da waƙar kuma ba maimaici kawai take yi ba. Tana cusa sunan ƙawa a baiti, tana sakin habaici ga wadda suka yi faɗa da rana, duk ba tare da ta karya karin waƙar ba. A cikin wannan wasa akwai ƙidayar lokaci, da sauraro, da hadda, da ƙirƙira nan take, da jiran layi, da amincewa da hannun wani. Babu abin da Orff ya lissafa da ba ya nan.

Ba gaɗa kaɗai ba ce. Mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na sauka bi da bi, har a jefa ta sama a tafa a cafe. Waƙar niƙa, waƙar daɓe, waƙar raino. Gangar noma a bayan 'yan gayya. Tashe idan azumi ya kai goma. Kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, 'yan kokawa da nasu makaɗan. A fadar Sarkin Katsina a Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri, tambari da kakaki da algaita. Yaro bai taɓa zuwa darasin kiɗa ba, amma ba a wuni bai tafa ko ya amsa ba.

Wannan makarantar ce take rufewa sannu a hankali, musamman a birni. Injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa, siminti ya tafi da waƙar daɓe. Dandali ya ragu saboda dalilai da yawa da suka taru: talabijin da waya, makarantar dare, tsoron da iyaye ke yi wa 'ya'ya mata, da wa'azin da ke hana fitar dare. Wasu daga cikin dalilan nan alheri ne, babu mai cewa a koma niƙa a dutse. Amma sakamakon shi ne yaron unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a cikin Maraɗi a yau ya fi kakansa jin kiɗa nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi ƙarancin yin sa.

Hukuma ta taɓa sa hannu a harkar. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bukin matasa na ƙasa sun sa kowace jiha tana shirya mawaƙa da 'yan rawa. A 1987 aka fara gasar kiɗa da waƙa ta Ɗan Gurmu, a 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Waɗannan sun fito da gwanaye, amma aikinsu gasa ne da horar da masu sana'a, ba su kai ga kowane yaro da ke zaune a aji ba. Labarin biram, garayar masunta Buduma ta tafkin Chadi mai tsirkiya biyar, ya nuna yadda abu ke iya kaiwa bakin ɓacewa: sai da marigayi Malam Mamman Barka, wanda malamin makaranta ne tun farko, ya je ya zauna wajen tsohon da ya rage da iya ta, sannan ta tsira.

Abin da bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba

Zancen cewa jin kiɗa yana ƙara basira ya samo asali ne daga wani ƙaramin gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa a 1993. Ɗaliban jami'a 36 aka kunna wa kiɗan Mozart na minti 10, suka ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawar siffofi, bambancin kuma ya gushe cikin kamar minti 15. Ba a gwada jarirai ba, ba a ce basira ta ƙaru ba. Amma labarin ya yi fiffike, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ya nemi a ware kuɗi a raba wa kowane jariri faifan kiɗa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna abin bai wuce ɗan wartsakewar da mutum ke samu idan ya ji abin da ke masa daɗi ba. Uban da ke ɗora waya kusa da kunnen jaririnsa don ya yi ƙwaƙwalwa, wannan labarin ne ya iso masa bayan shekara 30.

Koyo da yi fa? A 2004 Glenn Schellenberg ya raba yara 144 'yan shekara 6 a birnin Toronto na Kanada gida huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon waƙa, masu wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba komai ba. Bayan mako 36, 'yan kiɗa da waƙa sun ƙaru da maki 7 a ma'aunin basira, sauran sun ƙaru da 4.3. Bambancin bai kai maki 3 ba. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara gwaje-gwaje 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka ce idan aka tsaya kan waɗanda aka tsara da kyau, tasirin kiɗa a kan basira da makin lissafi kusan babu shi. Wasu masanan Faransa sun sake duba alƙaluman suka ce akwai tasiri, amma ƙarami. Akwai kuma matsalar da ke damun irin wannan bincike: yaran da ke zuwa darasin kiɗa galibi 'ya'yan masu hali ne, masu cin abinci mai kyau da zuwa makaranta mai kyau, don haka idan sun fi ƙoƙari ba lalle kiɗan ne sila ba. Duk wanda ya yi wa iyaye alƙawarin cewa darasin kiɗa zai sa ɗansu ya zo na ɗaya a lissafi, ya faɗi abin da hujja ba ta kai ba.

Inda hujjar ta fi ƙarfi wurare biyu ne: kunne da zamantakewa.

A jami'ar McMaster ta Kanada, a 2012, an raba jarirai 'yan wata 6 gida biyu. Wasu suna zuwa da iyayensu ana rera waƙa tare, ana tafi, ana kaɗa ƙananan abubuwa. Wasu kuma suna wasa ana kunna musu kiɗa a gefe. Bayan wata 6, 'yan rukunin farko sun riga sauran fara nuni da hannu da ɗaga hannu, sun fi murmushi, sun fi sauƙin rarrashi. Kiɗa ya shiga kunnen duka biyun, abin da ya bambanta su shi ne yi tare da uwa. A Los Anjalas, Nina Kraus da abokan aikinta sun bi yaran unguwannin talakawa da ke koyon kiɗa kyauta, suka auna yadda ƙwaƙwalwarsu ke bambance gaɓoɓin magana masu kama da juna. Shekara ɗaya ba ta nuna canji ba, sai da aka yi biyu, kuma waɗanda suka fi zuwa suka fi sa hannu su suka fi samun canjin. A Jamus, a 2011, wani ƙaramin gwaji ya ba 'yan rainon yara minti 10 na waƙa da tafi kullum har mako 20. Iya rarrabe sautukan kalma, wanda shi ne harsashin koyon karatu, ya ƙaru a wajensu kusan daidai da na waɗanda aka yi wa darasin sautuka kai tsaye, alhali 'yan rukunin motsa jiki ba su samu wannan ba.

Ta fuskar zamantakewa, a 2010 Sebastian Kirschner da Michael Tomasello sun sa yara 'yan shekara 4 wasa bibbiyu, wasu da waƙa da rawa, wasu wasa iri ɗaya amma babu waƙa. Daga baya aka shirya yadda kayan ɗaya za su zube a ƙasa. Waɗanda suka yi waƙa tare sun fi tsayawa su taya ɗan'uwansu tsincewa. Gwaji mafi girma a ƙasa mai fama da talauci shi ne na Benezuwela, inda tun 1975 José Antonio Abreu ya kafa shirin koya wa yaran talakawa kiɗa a rukuni. An bi yara 2,914 'yan shekara 6 zuwa 14 a cibiyoyi 16. Bayan shekara guda an ga ƙarin kamun kai da raguwar rigima, musamman ga yara maza da suka tashi cikin tashin hankali. Ba a ga ƙarin basira ba.

Duk waɗannan a Turai da nahiyar Amurka aka yi su, da harsunan da ba su da karin sauti irin namu. A Hausa hawa da saukar murya da tsawon wasali suna canza ma'ana, rubutunmu na yau da kullum kuma ba ya nuna su: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, kunne ne ke raba su. Wannan karin ne ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum ya waiwayo. Idan za a koyar da karatu da Hausa, akwai dalili mai ƙarfi na zaton horon kunne zai yi amfani a nan, kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi tana da ajujuwan da za ta iya gwada wannan zato a ƙofarta.

Matsayin malamai

A Maraɗi babu darasin da zai zauna idan malamai suka ce bai halatta ba, don haka wannan ɓangaren ba na tsallakewa ba ne. Masu hani suna da hujjoji sanannu. Risala, wadda kusan duk almajirin ilimi ya karanta, ta ce bai halatta mutum ya yi gangancin sauraron kayan wasa da waƙa ba. Akwai hadisi a Buhari da ya ambaci mutanen da za su halatta kayan kiɗa cikin jerin abubuwan zargi. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan tsirkiya da na busa. A Maraɗi akwai ƙarin dalili na gida: goge da garaya sun daɗe suna tafiya da bori, mutane da yawa ba sa iya jin ɗaya ba su tuna ɗayan ba.

Masu sassauci su ma ba da ka suke magana ba. Suna kawo hadisin Nana A'isha na 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar Idi, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Suna kawo halaccin buga duffi a biki, da baitocin da sahabbai suka riƙa rerawa suna haƙa ramin Handaƙ. Ibn Hazm bai karɓi hujjojin hanin ba, Imam Gazali kuma ya ɗora hukuncin a kan abin da waƙar ta ƙunsa, da wurin da ake yin ta, da halin mai ji. 'Yan Ƙadiriyya suna buga bandiri a zikiri, 'yan Izala suna ganin hakan bidi'a ne.

Wannan saɓani ya girmi kowa a garin, ba kuma ma'aikatar ilimi ce za ta warware shi ba. Abin lura shi ne akwai filin da kusan kowa ya yarda da shi, wato waƙa da murya wadda babu batsa a cikinta. Da waƙe ake haddace nahawu da fiƙihu a zaure. Da waƙe Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da matan karkara ta hannun 'yan taru. Islamiyyun yau, na kowane ɓangare, suna koya wa yara rukunan Musulunci da tarihin Annabi da waƙa, ɗaya ya bayar saura su amsa. Daga nan ne iyaka ke fara motsi: wasu sun yarda da tafi, wasu sun yarda da ƙwarya da ganga ga yara ƙanana, wasu suna tsayawa a murya, kuma da yawa damuwarsu ba kayan ba ce, rawa ce da cakuɗa maza da mata idan sun fara girma.

Tsoron roƙo da maganar abin da ya fi gaggawa

Tsoron iyaye ba duka na addini ba ne. A tsarin zaman Hausawa makaɗi da maroƙi suna ƙasa a martaba, ko da sun yi suna sun yi dukiya. Ana son kiɗansu a biki, ana jinkirin ba su aure. Uban da ya ce ɗansa ba zai taɓa ganga ba, sau da yawa wannan yake gudu. Masu goyon baya suna amsawa da cewa minti 15 na waƙa a aji ba ya mayar da yaro maroƙi, kuma matasan da ke shiga situdiyo a yau ba daga darasin makaranta suka fito ba, daga waya suka koya, babu mai tace musu abin da suke ji.

Hujjar malaman makaranta ta fi wuyar turewa. A binciken PASEC na 2019, wanda ke auna karatun yaran firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare suka kai matakin karatun da ake buƙata. Har yanzu akwai ajujuwan zana, kuma mutanen Maraɗi ba su manta gobarar watan Nuwamban 2021 ba, wadda ta ci yara sama da 20 a irin waɗannan ajujuwa. Malamai da yawa 'yan kwantaragi ne. A irin wannan hali, wanda ya ce a sayo fiyano ya san ba za a saurare shi ba, kuma da gaskiyar masu ƙin sauraron. Tambayar da ta rage ita ce ko darasin yana cin lokacin karatu ne ko yana cikin karatun. Amsar ta danganta da irin darasin.

Yadda abin zai shafi mutane

A ɗauki ajin CI, wato ajin farko na firamare, da safe. Mushe ya kira suna yana tafi: Ha-li-ma, uku. Aji ya amsa da tafi uku. Sa-ni, biyu. Ya tafa uku ba tare da ya buɗe baki ba, ya ce duk mai suna irin wannan ya miƙe. Sai ya ɗauko waƙar da yaran suka sani daga gida, ya bar gurbi a ƙarshen layi, kowane benci ya kawo kalmar da za ta zauna a gurbin ba ta karya karin ba. Kalmomin da suka kawo su ya rubuta a allo, da su za a yi karatun ranar. Ba a kashe ko dala ba, kuma da wuya a ce ga inda waƙa ta ƙare karatu ya fara.

Idan aka bi wannan hanya, nauyin da zai hau kan iyaye kaɗan ne: ƙwarya, gora da tsakuwa, sarewar kara. Idan aka bi hanyar kayan waje masu son lantarki da gyara, darasin zai tsaya a makarantun kuɗi na cikin gari, ya zama wani sabon abin da ɗan mai hali ke da shi ɗan talaka ba shi da shi.

Nauyin gaske a kan malami zai sauka. Wanda bai taɓa ba da waƙa a gaban mutane ba ba zai fara a gaban yara masu yawa ba don an aiko masa da takarda. Wurin gyaran shi ne makarantun horon malamai, irin ta Bawa Jan Gwarzo da ke nan Maraɗi. Akwai ma matsalar da ba a cika tunawa ba: ajin zana ba ya tare sauti, idan CI na tafi 'yan ajin ƙarshe na CM2 ba za su ji lissafi ba, sai an daidaita lokaci ko a fita gindin bishiya. Jarrabawa ma tarko ce ta fuska biyu. Abin da ba a jarrabawa a kansa shi ake fara yarwa idan lokaci ya ƙure. Idan kuma aka sa shi a jarrabawar rubutu, zai koma haddar sunayen ganguna, yaro ya ci maki bai taɓa tafawa ba.

Ga makaɗan gargajiya da tsofaffin mata masu waƙoƙin gaɗa da na daɓe, wannan na iya zama ƙofar da za a nemi iliminsu a matsayin ilimi, a biya su a kan koyarwa maimakon a yi musu liƙi. Sai dai ba duk abin da ke bakinsu ne zai shiga aji ba. A cikin waƙoƙin dandali akwai zambo, akwai batsa, akwai gori ga wata ƙabila ko mai wata lalura. Dole a zauna a tace, kuma wanda zai yi tacewar shi zai yanke ko iyaye za su yarda. Inda aka sa kwamitin iyaye da limamin unguwa suka ji waƙoƙin kafin yara su ji, gardama za ta yi sauƙi fiye da inda aka aiko da littafi daga Yamai.

'Yan mata su ne za su fi ganin bambanci ta kowace fuska. Gaɗa tasu ce, su ne kuma rufewar dandali ta fi shafa, domin yaro namiji yana da ƙwallo da tashe da yawon gari. Darasin da ya fara daga waƙoƙinsu zai sa su shigo aji da abin da suka fi kowa iyawa. Amma su ne kuma za a fara cirewa daga makaranta idan uba ya ji an ce ana rawa a lakwal, don haka kuskure a nan tsadarsa ta fi ta rashin darasin.

Wata unguwar za ta yarda da ƙwarya, wata ta tsaya a tafi, wata ta ce murya kawai. Ko a wannan ta ƙarshen darasin bai mutu ba. A gwajin Toronto, yaran da aka koya wa waƙa da murya zalla, bisa tsarin Kodály, ba su gaza waɗanda aka zaunar gaban fiyano ba.